Lissafin Tafiya Gyaran Haƙori: Daga Poli Zuwa Garwa, Ngaundere Ko Yola

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin hirar da muka yi a filinmu na lafiya da hanya, mun buga shi saboda waɗanda suke daji da shanu ko suke kan hanya da kaya lokacin da aka watsa shirin. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da suka zo daga Poli, Beka da Camba ita ce: tunda naira ta faɗi, ashe ba gara mutum ya ƙetare Yola ya gyara haƙorinsa ba? Amsar a taƙaice: ga wasu gara ɗin, ga wasu kuwa asara ce. Kuɗin da likita zai karɓa kashi ɗaya ne cikin kuɗin haƙori, kuma sau da yawa shi ne ƙarami. Sauran yana cikin mota, masauki, abinci, canji, da kwanakin da ka bar garke ko rumfa. Saboda haka kafin ka tambayi nawa ake cire haƙori, fara tambaya: sau nawa zan zauna gaban likita, kwana nawa kuma zan yi?

Ina ake zuwa daga Poli?

Poli ita ce babban garin yankin Faro, kuma akwai asibitin gunduma a cikinta. Nan ya kamata a fara, ko da don a duba baki, a auna jini, a ba ka takardar tura mara lafiya. Likitocin haƙori a Kamaru ba su da yawa, galibinsu kuma suna Yawunde da Duwala, shi ya sa aikin da ya wuce na gaggawa yake sa mutanenmu hawa mota.

Hanya uku ce a gabanmu. Ta farko Garwa, kimanin kilomita 140 daga Poli: ka yi sama da kilomita 30 zuwa Karfur Poli, ka hau babban titi, ka wuce Ngong ka shiga gari. A babban asibitin yanki na Garwa akwai sashen haƙori, akwai kuma masu zaman kansu a cikin gari. In ka ga an rubuta Odonto-stomatologie ko Cabinet dentaire a jikin allo, to ka zo wurin. Ta biyu Ngaundere, ka juya kudu daga Karfur Poli, tafiyar da ta ɗara kilomita 200 in aka haɗa duka. Can akwai asibitin gwamnati, akwai kuma asibitin Furotesta wanda ake kira na 'yan Norwe, da ɗakin gyaran haƙori na cocin da ya daɗe yana aiki.

Ta uku ita ce ƙetarawa Najeriya. Mutumin Beka ya fi kusa da Gurin, daga Gurin ya bi ta Fufore ya faɗa Yola. Wanda yake Garwa kuma yakan bi ta Gashiga da Demsa ya shiga ta Belel. A Yola akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda da ake kira FMC, akwai asibitin ƙwararru na jiha a Jimeta, ga kuma masu zaman kansu. Can in ka ce Dental kowa ya gane. Aikin da ya fi ƙarfin Yola akan tura shi Maiduguri ko asibitin Malam Aminu Kano da ke Kano.

Wannan ƙetare iyaka don haƙori ba mu kaɗai muke yi ba. Mutanen Ingila da Jamus suna zuwa Turkiyya da Hangari, Amurkawa kuma suna ƙetarawa wani ƙaramin gari a Meziko mai suna Los Algodones wanda ya cika da likitocin haƙori. Su ma abin da yake kama su shi ne abin da yake kama mu: kuɗin komawa idan aikin ya ba da matsala bayan an iso gida.

Kowane aiki da kwanakinsa

Nan ne asalin lissafin, don haka a saurara da kyau.

Ciko, wato cike kogon haƙori tun yana ƙarami, yawanci zama ɗaya ne, ka tashi ka tafi. Wankin haƙori ma haka.

Cire haƙori zama ɗaya ne idan babu kumburi mai yawa. In ka je da kunci a kumbure, baki ba ya buɗuwa sosai, likita na iya fara fitar da mugunya ya ba ka magani na wasu kwanaki kafin ya cire. Bayan an cire, kwana biyu zuwa huɗu na farko su ne na lura, domin a cikinsu ne gudan jinin da ya toshe ramin kan iya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, zafi ya dawo fiye da na farko. Idan an yi ɗinki da zaren da ba ya narkewa, sai an koma kamar bayan mako ɗaya a cire shi.

Wankin jijiya, wanda wasu ke kira kashe jijiya, shi ne aikin da ake yi don a ceci haƙorin da ruɓa ta kai cikinsa. Yakan ɗauki zama biyu ko uku, da kwanaki a tsakani. Bayan nan kuma sau da yawa sai an sa masa hula, ita ma sai an auna, an kai ɗakin haɗawa, sannan a dawo a ɗora.

Haƙorin roba sai an ɗauki awon baki, a gwada, a gyara, sannan a ba ka. In sabon cirewa aka yi, dasashi yana ci gaba da motsewa har makonni shida zuwa takwas ko fiye. Wanda aka yi wa awo da wuri, ya koma gida, bayan wata biyu sai ya ji robar tana rawa a baki.

Dashen haƙori da ƙarfe a cikin ƙashi shi ne mai tsada da daɗewa: tsakanin sa ƙarfen da ɗora haƙorin akwai wata uku zuwa shida. Wannan tafiya biyu ce ko uku, ba makawa.

Ka ga kenan, Baffa, haƙori ɗaya ne amma kwanakin sun bambanta. Wanda ya yi guzurin kwana biyu ya tarar da aikin kwana goma, ko dai ya ci bashi a baƙon gari, ko ya dawo da aiki rabi. Haƙorin da aka buɗe aka sa masa cikon wucin gadi ba a koma ba, ƙarshensa ruɓewa ko tsagewa, kuɗin farko ya tafi a banza.

Kuɗin hanya

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa-zuwa ta daina arahar da muka saba da ita. A gidajen mai na Kamaru kuma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairu 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairu 2024. Duk wanda yake lissafin kuɗin mota da farashin da ya sani shekarun baya, zai tsaya a hanya. Ka je tasha da ƙafarka ka tambayi farashin yau, ko ka tambayi wanda ya dawo cikin makon nan.

Hanya ba mota ɗaya ba ce. Daga ruga zuwa Poli moto ne. Daga Poli zuwa yamma sai an haye Faro, in da damina da kwale-kwale, kai da moton kowa da kuɗinsa. Bayan iyaka wata mota, a cikin Yola da Jimeta kuma keke, safe da yamma, kullum. Kowanne ƙaramin kuɗi ne, haɗuwarsu ce babba. Rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ka ninka biyu saboda dawowa.

Lokaci ma yana da farashi. A watan Agusta da Satumba Faro ya cika, hanyoyin ƙasa sun lalace, masu moto sun ƙara kuɗi, wani lokaci a kwana a bakin ruwa. Idan aka saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai kan tumbatsa har Yola, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Aikin da ba na gaggawa ba, irin su roba da ciko, a bar shi zuwa kaka ko farkon rani, lokacin da hanya ta bushe kuma shanu suna da ƙiba.

Sannan akwai mai rakiya. Tsoho, mace ko yaro ba sa tafiya su kaɗai. Mutum biyu, kuɗin mota biyu, abinci biyu. Mutane da yawa nan suke mantawa.

Takardu da shingaye

Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, amma akwai yarjejeniya tsakaninta da Najeriya da ta yafe biza ga ɗan gajeren zama har kwana 90. Yafe biza ba ya nufin yafe takarda. Ka riƙe katin ɗan ƙasa mai rai, da katin allurar shawara, wato ɗan littafin nan ruwan ɗorawa. Mai niyyar wuce garuruwan bakin iyaka zuwa Kano ko Maiduguri, fasfo ya fi masa kwanciyar hankali, sai dai a sani fasfon Kamaru sefa 110,000 ne tun Yuli 2021. Idan saboda haƙori kaɗai za ka yi shi, to sa shi cikin lissafin haƙorin.

Mara takarda shi ne yake daɗewa a shinge, shi ne kuma aljihunsa yake raguwa kafin ya ga likita. Takardar da asibitin Poli ya rubuta maka tana da amfani a nan: tana nuna dalilin tafiyarka. Duk inda aka ce ka biya wani abu da sunan doka, nemi rasit cikin ladabi. Kuma 'yan kasuwa, ranar da za ku je jinya kada ku haɗa da kayan da za su tsayar da ku gaban duwan ko kwastan. Mai ciwon haƙori ba ya iya zaman awa huɗu a rana yana ciniki.

Iyaka kuma takan rufe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka fara buɗe wasu. Mai aikin da yake buƙatar komawa sau uku ya tuna da wannan.

Sefa da naira

Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun Yuni 2023 aka sake ta tana yawo da kasuwa, har ta kai a 2024 sefa dubu ɗaya tana ba ka fiye da naira dubu biyu. Wannan shi ya sa farashin asibitin Najeriya yake yi wa mai sefa sauƙi a kunne. Amma faɗuwar naira ta tayar da farashin komai a can: magani, ɗaki, abinci, har kayan aikin haƙori, waɗanda yawanci daga waje ake shigo da su. Farashin da wani ya faɗa maka bara, bana ba shi ba ne.

Abu huɗu a kiyaye. Na ɗaya, kalmar jaka. A nan jaka ɗaya sefa 1,000 ce, a bakin Hausawan Najeriya kuwa jaka naira 200 ce. In za a yi ciniki a faɗi adadi da sunan kuɗin, ko a rubuta a waya kowa ya gani. Na biyu, kada ka canza duk kuɗinka lokaci ɗaya. Ɗan canji yana ci a shiga, yana ci a fita, abin da ya rage maka na naira in ka mayar da shi sefa ka biya la'ada sau biyu. Na uku, Orange Money da MoMo na Kamaru ba za ka shiga kanti a Jimeta ka biya da su ba, masu POS kuma da asusun Najeriya suke aiki. Sabon layin waya a can yawanci sai da lambar NIN. Saboda haka tun kana gida ka shirya da wani amintacce, ɗan kasuwa mai hulɗa da ɓangarorin biyu, wanda za a tura wa sefa a nan ya ba ka naira a can in guzuri ya ƙare. Na huɗu, ka bar kuɗin komawa gida a sefa, a wani aljihu daban, kada ka taɓa shi.

Masauki da abinci

Wanda yake da ɗan'uwa ko maigida a garin ya rage kaso mafi girma. Amma ko a gidan ɗan'uwa ba a zuwa hannu rabbana: ɗan man shanu, kaza, ko kuɗin cefane, musamman in zaman zai kai mako. Wanda ba shi da kowa sai ɗakin haya. Ka nemi na kusa da asibiti, ko da ya ɗan fi tsada, domin layin kati da sassafe ake kamawa, kuma kuɗin keke na kwana bakwai ya isa ya cinye bambancin. In za ka yi mako, yi cinikin mako gaba ɗaya.

Abincin mai sabon rami a baki daban ne. Ba tsire, ba ƙashi, ba rake, ba abu mai zafi sosai a ranar farko. Kunu ko koko da ya huce, fura da nono mai laushi, ƙwai, ayaba, tuwo mai taushi da miya. Ranar farko ba a kurkure baki da ƙarfi, ba a tsotsa da tsinke, ba taba. Daga washegari a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Mai goro da mai asara su yi haƙuri na 'yan kwanaki. Ruwan sha kuma a saya mai tsabta, don gudawa a baƙon gari wani kuɗin ne.

Kuɗin da yake kewaye da likita

Farashin da ake faɗa maka a waya yawanci na aikin ne kawai. Kafin a kai gare shi akwai kati ko karne, kuɗin ganin likita, hoton haƙori, wani lokaci gwajin jini da na sukari. Bayansa akwai magani. Mai hawan jini ko ciwon sukari, in aka auna aka ga ya hau, ana iya ɗaga aikin sai ya sauka, kwanaki sun ƙaru kenan. Don haka mai irin wannan larura ya daidaita ta tun a gida, ya tafi da magungunansa da kwalayensu. Mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauki hoto.

Shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar a Afrilu 2023 ya fi karkata ga mata masu ciki, ƙananan yara, masu wankin ƙoda, tarin fuka da ƙanjamau. Babban mutum mai ciwon haƙori daga aljihunsa zai biya, a nan da can duka.

A kula da ranaku. Sashen haƙori na asibitin gwamnati Litinin zuwa Juma'a yake karɓar waɗanda ba na gaggawa ba. Wanda ya iso Juma'a da yamma ya sayi kwana uku na banza. Ranakun hutu kuma sun bambanta: a Kamaru 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu, a Najeriya 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, ban da na Sallah da Kirsimeti. Akwai kuma yajin aiki, kamar na likitoci masu neman ƙwarewa a Najeriya a 2021 wanda ya kai wata biyu. Kira ɗaya kafin ka tashi ya fi kuɗin mota araha.

Kafin ka baro garin, karɓi hotonka da takardar abin da aka yi maka. Can da Turanci ake rubutawa, nan da Faransanci, don haka ka roƙi a rubuta ainihin sunan maganin, wanda yake kusan ɗaya a harsunan biyu. Sayi magani a kantin magani mai rajista. Na Najeriya ka duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Kada ka ƙetare iyaka da ƙwayoyi masu ƙarfi irin su Tramadol ba tare da takardar likita ba, wannan ƙofar ɗauri ce.

Abin da ka bari a gida

Makiyayi in ya tafi kwana goma, wa zai bi shanu? In yaro ne, ana iya shiga gonar wani, a biya ɓarna. In ɗan haya ne, sai an biya shi. Ɗan kasuwa kuma ya ƙirga kasuwa nawa zai rasa: Alhamis ta Adumri, Lahadi ta Pitowa, da ta garinsa. Wannan kuɗi ne ko da ba daga aljihu ya fita ba.

Sai yadda ake samo kuɗin tafiyar. Dillali yana ganin kunci a kumbure ya san kana gaggawa, farashin ragonka ya faɗi nan take. In dole ne a sayar, a ba wani ɗan'uwa ya kai kasuwa. Wanda ya san yana da haƙorin da ke damunsa lokaci-lokaci, ya ware kuɗinsa tun lokacin da dabba take da daraja, kamar gabanin Babbar Sallah, kada ya jira tsakiyar rani da bisashe suka rame.

Mu gwada lissafi

Ga misali da adadin da muka ƙaddara don a ga yadda ake haɗawa, kowa ya sa farashin da ya samu a tasharsa. Mutumin Poli ne, wankin jijiya za a yi masa, zama biyu, mako ɗaya a tsakani.

A ce a Garwa aikin jaka 50 ne. Mota zuwa da dawowa jaka 8, sau biyu, jaka 16. Yana kwana gidan ɗan'uwa, abinci da moto jaka 3 a rana, kwana huɗu, jaka 12. Jimla jaka 78.

A ce a Yola aikin rabin haka ne, daidai da jaka 25. Hanya zuwa da dawowa jaka 20. Komawa gida tsakanin zama biyun ya yi tsada, sai ya zauna kwana tara: ɗaki jaka 4 sau takwas, jaka 32, abinci da keke jaka 3 sau tara, jaka 27. Canji, waya da ƙananan abubuwan hanya jaka 6. Jimla jaka 110. Aikin rabin kuɗi, amma ya kashe jaka 32 fiye da na Garwa, ban da kwanakin da ya bar garke.

Yanzu ɗauki ɗan kasuwar da dama duk mako yana shiga Jimeta da kaya, yana da maigida a can. Hanya da masauki kasuwancinsa ya riga ya biya. Shi jaka 25 da kuɗin keke kawai zai ƙara. Haka mutumin Beka, wanda Yola ta fi masa Garwa sauƙin kaiwa. Ga waɗannan biyun ƙetarawa riba ce sosai. Ciwo ɗaya, amsa ta bambanta da inda mutum yake da abin da ya saba yi. Duk jimlar da ka samu kuma, ƙara mata kashi ɗaya cikin huɗu don abin da ba a zata ba.

Inda ba a lissafi

Akwai alamomin da in sun bayyana, ba maganar araha. Kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido. Haɗiyar miyau ta gagara, numfashi yana wahala, baki ya ƙi buɗuwa, ga zazzaɓi. Ko jini ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori duk da an cije auduga. Wannan asibiti mafi kusa, a daren, domin kumburin ƙarƙashin harshe yana iya toshe maƙogwaro ya kashe mutum.

Yaro ƙarami kuma, musamman wanda ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo, baki yana wari, kunci ya fara kumbura ko yin baƙi, ana tsoron ciwon noma mai cin fuska. Cikin kwanaki kaɗan yake ɓarna, amma in an kama shi da wuri magani yana tsayar da shi, kuma a asibitin kusa ake fara wannan. Waɗanda ya riga ya ci wa fuska, akwai asibitin noma a Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, inda ake yin aikin gyara kyauta. Ko can, hanya da guzuri sai an tanada, don tafiya ce mai nisa.

Arahar da ta fi kowace tsada ita ce ta mai cire haƙori a kasuwa da filaya. Ƙarfe ɗaya baki goma, ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Yakan karya haƙori ya bar saiwa a ciki, daga baya a biya likita ninki don ya tono ta. Haka masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, da masu danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙuna kawai suke jawowa. Garin neman gira kada a rasa ido. Kanumfari da farasitamol suna rage zafi kafin a isa asibiti, amma ba sa warkar da ruɓa. Masu sa haƙorin Makka don ado su ma su tabbata na ƙarƙashin lafiyayye ne, domin hula a kan ruɓaɓɓen haƙori ɓoye ciwo take yi.

Tambayoyi biyar kafin a ɗaura kaya

Ɗaya, wane aiki ne za a yi mini, kuma zama nawa? Biyu, nawa ne duka, har da kati, hoto da magani? Uku, wace rana likitan yake zama, kuma ana aiki a makon nan? Huɗu, ina zan kwana, wa zai raka ni, wa zai kula da abin da na bari? Biyar, in ciwo ya dawo bayan na iso gida, ina zan nufa, kuma ina da kuɗin komawa?

Wanda ya samu amsar biyar ɗin nan, ya tafi da izinin Allah. Wanda bai samu ba, ya fara da asibitin Poli ko Garwa a duba shi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 3.5 suna fama da ciwon baki da haƙori, kuma mafi yawansa abu ne da ake iya karewa. Asuwaki ko buroshi da man goge baki safe da dare, rage sukari a shayi, da kai ƙaramin kogo a cike shi tun zama ɗaya ya ishe shi, su ne suke hana sayar da sa.

Masu tambaya su ci gaba da aiko da saƙo, musamman waɗanda suka dawo daga hanya da sabon farashin mota da na canji, don mu sanar da 'yan uwa a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya tsare matafiya, ya albarkaci garke da kasuwa. Mu kwana lafiya.